Tawada a Yatsan Mai Takaba

A unguwarmu ta Ƙofar Jatau, in babur ɗin Mai Inshora ya tsaya a ƙofar gidanku, mata kan ce sai a fara neman likkafani. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, don tun ina yarinya bakina ba shi da linzami. Mutumin ɗan cikin ganuwa ne kamar kowa, siriri, kullum da farin kaftani da wata jakar fata da ta sha jiki. Ofishinsu na Sabon Gari. Da farko takardun mota yake yi wa direbobin tasha, wannan kam ba wanda ya ce uffan tunda dolen hukuma ce. Da ya shiga bin malaman makaranta da ma'aikata da zancen inshorar rai, sai gari ya juya masa baya. Malamai suka ce caca ce, kuma ja da ƙaddara ne. Ko wurin ɗaurin aure ya zauna, sai ka ga tabarma ta yi fili a gefensa.

Surukina na cikin masu wannan fatawa, babban malami ne mai zaure cike da littattafai. Maigidana ɗansa ne, yana koyarwa a wata firamare a Tudun Jukun. 'Ya'yanmu biyu, duk mata, babbar na sakandare, ƙaramar na shirin shiga. Ubansu ne ya tsaya musu a kan boko, sauran mutanen gidan ido kawai suka sa masa.

Jinyar kwana huɗu maigidana ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai yayyensa suka aiko mini cewa yara su ƙarasa zangon da suke ciki, daga nan shi ke nan, ba mai iya ɗaukar nauyin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma me zan yi? Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba lalle, ba kwalli, ba zama da namijin da ba muharrami ba.

Bayan arba'in sai ga matar Mai Inshora da kwanon dambu. Zuwanta na huɗu ke nan, kullum ta tarar da ɗaki cike da masu gaisuwa, ta zauna jim ta tafi. Ni kuwa daƙyar nake amsa mata, har a zuciyata ina cewa wannan wace irin naci ce. Ranar ta same ni ni kaɗai. Ta saki labule, ta kwance tsumman da aka ɗaure kwanon da shi, sai ga takardu a ƙarƙashi, da ɗan gwangwanin tawada, da rabin lemon tsami.

Ta ce, "Yaya, maigidana ya ce a ƙara miki haƙuri. Marigayi ya bar amana a hannunsa tun babbar 'yarki na goye. Kamfani ne zai riƙa biyan makarantar yaran nan har su gama. Amma sai kin dangwala, kuma wa'adin zai cika kafin ki fita takaba."

Na ce, "Don me bai faɗa wa mazan gida ba?"

Ta ce, "Marigayi ya ɗauki alkawarinsa cewa kada Malam ya ji daga bakinsa."

"To, lemon fa?"

"Ya ce mai takaba ba ta da lallen da zai ɓoye tawada. Ki goge da shi kada a gani."

Wallahi a nan na fashe da kuka. Mutumin da na yi shekaru ina yi wa baƙin baki, shi ne ya zauna ya yi tunanin har yatsana. Shekara da shekaru maigidana na haɗuwa da shi a bayan makaranta, suna wuce juna a masallaci kamar ba su san juna ba, ko ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba. Na dangwala wuri uku, na yi ta dirzar yatsa da lemo har ya yi zafi.

Ashe tawadar ta maƙale a gefen farce. Washegari na kai wa surukina kunu kamar kullum. Yana karɓar kofin ya tsaya. Kai, mutumin da ya tsufa cikin tawada za a ɓoye wa? Ya ce, "'Yar nan, tamu baƙa ce. Wannan shuɗiyar daga ina?"

Ban iya ƙarya ba, kuma ban so in iya ba. Na faɗa masa duka. Ya ajiye kunun bai sha ba, ya ce a kira masa Mai Inshora. Na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a yayyaga takardun nan.

Bayan la'asar na ji ƙarar babur. Na laɓe a shigifa, bango ɗaya tsakanina da zaure. Yayyen marigayi duk suna ciki. Babbansu ya fara, ya kira Mai Inshora macuci, mai shiga gidan mutane ta hannun mata. Sai Malam ya yi gyaran murya, kowa ya yi tsit.

Ya ce, "Yaushe ɗana ya fara zuwa wurinka?"

Mai Inshora ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya faɗa ba."

"Ni ubansa nake tambayarka."

"Na sani, Allah gafarta Malam. Amma wanda ya ɗaure ni shi kaɗai zai kwance ni, kuma ya riga mu gidan gaskiya."

Babban yaya ya ce za su sa a daina gaisawa da shi a unguwa. Mai Inshora ya amsa a hankali cewa ai an daɗe da dainawa. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ban taɓa jin wanda ya ce wa Malam a'a ba, sai ranar, kuma cikin ladabin da ya fi na 'ya'yansa.

Can Malam ya ce, "Ban ce sana'arka ta halatta ba, kuma ba zan faɗa ba. Yara su ci gaba da karatunsu, abin da ubansu ya so ke nan." Na ji motsin akwatinsa na ƙarfe, wanda ko matansa ba sa taɓawa. Ya ce, "Matso. Wannan wasiyyata ce, na daɗe ina neman wanda zan ba ajiya. Sa ta a jakar nan taka."