Inna Kulu da Maharban Ƙasar Ƙanƙara

A gidanmu na Nahuce, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu yara mu kwashi karan dawa mu nufi ƙofar ɗakin Inna Kulu, mahaifiyar babanmu. Ita ke hura wutar da kanta. Takan zauna a kan tsohon turmin da aka kifar, ta miƙe ƙafafunta wajen ɗumi, ta tura mana gyaɗa cikin toka. Tatsuniyoyinta ba su da yawa, mun haddace su kaf, amma ba mu taɓa gajiya ba, don kullum da irin muryar da take ba kura.

Shekara biyu bayan an ba mu jiharmu, ina 'yar shekara goma, sai Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta zo mana hutun ƙarshen mako. Malamar makaranta ce a Gusau, tana zaune a Damba, tana kuma ƙarin karatu. Ta zo da wani tsohon littafin Turanci da ta aro a laburare, bangonsa duk ya saɓule. Inna ta fara ba mu labari ke nan sai ƙanena ya hango hoto a ciki, muka watse muka bar ta, muka dafe Goggo.

Mutane ne sanye da rigunan fata, suna tsaye gaban wata bukka mai tsini, ƙasa fari fat har iyakar gani. A ƙafafunsu akwai wasu takalma masu faɗi kamar faifai.

"Mi kuka gani da ya hi maganata?" in ji Inna.

Goggo ta matso da fitila ta yi mata bayani. Ta ce waɗannan mutanen arewacin Kanada ne, ana kiran wasunsu Innu, wasu Naskapi, kuma wani Bature ne ya zauna da su tun zamanin da, ya rubuta yadda suke rayuwa. Ba sa noma ko kaɗan, don ƙanƙara ke rufe ƙasarsu fiye da rabin shekara. Abincinsu da suturarsu da rufin ɗakinsu duk daga dabba ɗaya suke, wata mai kama da gwanki, ƙahonta kamar rassan itace. In ta ɓace musu, yunwa ta kashe su.

"Ba gero, ba dawa?" Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ci gaba, Asabe."

Goggo ta ci gaba da fassarawa. Ta ce in farauta ta ƙi, wani tsoho kan ɗauki allon kafaɗar dabbar ya ɗora a kan garwashi, inda ƙashin ya tsage nan maharba za su nufa. Marubucin ya ce wannan camfi ne na mutanen da yunwa ta ruɗa.

Inna ta ƙara kara a wuta. Can ta ce, "Shi mai rubutun, ya tambayi tsohon dalili?"

Goggo ta duba gaba, ta duba baya, ta ce bai faɗa ba.

"To ku zamna. Wanga ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya amsa mini."

Ranar muka fara jin cewa mahaifin Inna maharbi ne a gindin dutsen Tsafe. Babanmu bai taɓa faɗa mana ba, ita ma ta daɗe da rufe zancen, don a lokacin an fara yi wa al'adun maharba kallon abin kunya. Ta ce tana ƙarama aka yi wata shekara da damina ta ƙi. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, gidaje bakwai na unguwarsu suka koma cin tafasa da ganyen rama. Namun daji ma suka yi nisa. Maharba suka taru a ƙofar gidansu, rabi suka ce a yi gabas, rabi suka ce a bi rafi yamma. Cikin masu jayayyar har da wa da ƙane, ɗaya ya zare wuƙa. Ƙarfin tafiya ɗaya kawai ya rage musu, in aka rabu biyu babu ɓangaren da zai kai.

Mahaifinta bai goyi bayan kowa ba. Ya sa aka kawo masa ruwa a ƙoƙo, ya kai su kan wani fa, ya tsiyaye shi a hankali. Ruwan ya yi ɗan jim, sai ya gangara arewa, wajen da babu wanda ya ambata. Suka saɓa baka suka bi.

Kwana biyu ba su ga ko zomo ba. A rana ta uku, bayan wani kwazazzabo da babu wanda ya san da shi, suka iske tafki bai ƙafe ba, gwankaye sun kewaye shi. Inna ta rage murya, ta ce mahaifinta ya ce sun yi tsaye sun kasa ɗana kibiya, don yawan dabbobin da kyansu. Uku kawai ya yarda a harba. Da aka kawo naman gida aka raba, ya bi gida gida ya tattara ƙasusuwan, ya hana karnuka su taɓa, ya kai su daji ya rufe. Ya ce abin da ya ba da ransa ka rayu, ba ka barin kare ya ja shi cikin juji.

Goggo ta yi wani irin numfashi, ta shiga buɗa shafi da sauri. Ta karanta mana: su ma mutanen ƙanƙara ba sa barin kare ya kusanci ƙashin dabbarsu, tattarawa suke su adana shi da girmamawa. Na kalli hoton, na kalli Inna, na rasa yadda aka yi mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba suka yi abu iri ɗaya.

Goggo ta ce, "Inna, wai ruwan ya san inda naman yake?"

"Ni ma na tambaye shi da na girma. Dariya ya yi. Ya ce Kulu, ruwa bai san komi ba, Allah kaɗai ya san gaibu. Amma da na nuna hanya da yatsana muka dawo hannu wofi, da sun tsane ni, da mun watse. Wa zai yi faɗa da ruwa?" Ta nuna littafin da baki. "Wancan tsohon ma hakanan ne. Ba ruɗewa ya yi ba, mutanenshi yake riƙewa."

Shekaru da yawa bayan rasuwar Inna na nemi irin waɗannan rubuce-rubuce na karanta da kaina. Ban san ko fassarar Inna ita ce ta mutanen ƙanƙarar ba. Mutanen suna nan har yau, su ya kamata a tambaya. Na dai ga marubutan farko sun auna tsawon bukka, sun zana takalma, sun jera sunayen kayan aiki, amma sau da yawa sun bar mai aikin shiru. Duk da haka ban iya jin haushinsu ba, don da wancan Baturen bai rubuta abin da bai gane ba, da Inna ta tafi da labarin mahaifinta a cikinta. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta saurari shafi biyu, ta ɗauki wancan tsoho a matsayin mai hankali kamarta, ta nemi dalilinsa. Kafin Goggo ta koma Gusau, Inna ta sa ta duba mata sunan tsohon a ƙarƙashin wani hotonsa da ke littafin. Babu suna, an rubuta tsohon maharbi kawai. Inna ta shafa takardar da yatsa, ta ce ba komi, Allah ya san sunanshi.