Shekarar da Shanu Suka Sauko Babu Furanni

Shekara talatin Notburga Zangerl ta yi tana hawa dutse da shanun ƙauyenmu da zarar ƙanƙara ta narke. Ita ke yin cuku, mijinta Sepp yana kiwo. A wurinmu, in an gama kiwo lafiya, akan yi wa shanu ado da furanni ranar saukowa. Shekarar da dutse ya gangaro ya kashe Sepp, haka ta koro su, babu ado.

Dagaci ya tare ta a bakin gada, ya ce, "Notburga, ki huta haka nan, mu nemi wani."

Ta ce, "Wa ya san hanyar in ba ni ba?"

Sau tara ta ƙara hawa kafin gwiwoyinta su gaza. Bara ta rasu a gidan 'yarta.