Ƙasata Mai Gaba Biyu

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma shekara guda na yi ina narkar da ita a kwamfuta, a tsakar gidanmu na Tudun Wada. Binciken digirina na biyu a kan wata ƙasa ne can ƙuryar arewacin duniya, wadda cikinta yake a daskare tun kaka da kakanni. Matattun ciyayi na binne a ciki. In zafi ya narkar da ita sai su ruɓe, su saki iskar kabon, duniya ta ƙara ɗumi. Aikina shi ne in sa manhajar da ke kwaikwayon yanayi ta faɗi yawan iskar.

Manhajar kuwa ta kafe. Abin da take faɗa daban, abin da masu awon iskar suka samo a can daban. Malamina ya ce in ban gano dalili kafin Juma'a ba, sai in maimaita shekara.

Babana haƙar rijiya ce sana'arsa, bai yi boko ba. Ran Talata da safe ya tarar ina yi wa kwamfuta masifa.

"Malama, wai wannan ƙasar taki ta cikin kwamfuta, zurfinta gaba nawa?"

Na duba. "Wajen gaba biyu, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ko masai ya fi haka. Ni sai na nutsa sosai fitilar da nake zurawa ke mutuwa. Muguwar iska a ƙasa take."

Na buɗe baki zan yi masa gardama, sai abin ya faɗo mini. Ciyayin da ke binne sun wuce gaba biyu nesa, manhajar ba ta ma san da su ba. Nan take na ƙara wa ƙasar da ke cikinta zurfi. Kwana biyu tana lissafi, ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta.

Ran Alhamis amsarta ta matso kusa da awon. Ba su haɗu ba, amma dalili ya fito. Don murna takalmi wari-wari na sa, na tari Keke Napep sai Barnawa, inda Baba ke haƙa. Na leƙa ramin ina haki, na zayyana masa komai.

Muryarsa ta taso daga ƙasa. "Kin tad da ruwa?"

"Damshi dai, Baba."

"To ci gaba da haƙa. Matsa, kina tare mini haske."