Ƙwayar da Ta Hana Doguwa Hawa

Wata Lahadi ce ta kasuwar Filinge, ana tsakiyar bazara, shekara biyu kafin Nasara su tattara su tafi, mahaifina ya ɗora kakata Tamo a kan jaki muka nufi gidan likita. Ni ce mai riƙe mata goran ruwa. Ta daɗe tana fama da ciwon kai da jiri, har ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya da guga a hannu. Ma'aikacin da muka tarar, wani dogo mai gurguwar Hausa, ya naɗe mata damtse da ƙyalle, ya yi ta matsa wata roba har hannun ya ɗaure, sannan ya girgiza kai ya ce jininta ya hau. Kaka ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Jinin da ba ka gani ba, ƙaƙa kas san ya hau?"

Bai ji haushi ba. Ya ce jijiyoyinta sun tsuke, zuciya kuma tana tura jini da ƙarfin tsiya, kamar salkar da aka cika maƙil aka ɗaure bakinta. Ƙwayar da zai ba ta za ta sassauta jijiyoyin, ta rage wa zuciya gudu. Sai dai ba ta fitar da ciwon, danne shi kawai take yi, ranar da aka daina sha zai dawo. A sha kullum, a rage gishiri da kanwa.

Wannan bayani shi ya ɓata komai. A ƙauyenmu na Kurfai, magani shi ne wanda za ka sha ka yi amai ko gumi, ciwo ya fita kowa yana gani. Mata a wajen daka suka ce maganin da ba ya ƙarewa ai igiya ce, Nasara na so ya ɗaure tsohuwa a turkensa. Ni ma ban yarda da ƙwayar ba. Ƙarama ce, ba ƙamshi ba wari, kuma ni aka ɗora wa ba ta kowace safiya kafin in kora awaki. Har shinshina ta nake yi a ɓoye.

Gaskiya ciwon kan ya lafa. Amma Kaka ta zama wata daban. Matar da a da take raba mu da wasan carafke da tsawa ɗaya, sai ga ta zaune a gindin gawo tana gyangyaɗi, hanci a toshe, miya ba kanwa tana ci ba ta ko mita. Kuma Kaka ba tsohuwar banza ba ce, goɗiyar Doguwa ce, wato ita iskar gari take hawa ta yi magana da bakinta. Da ruwa ya yi jinkiri aka kira masu goge da ƙwarya, aka kaɗa har hannuwa suka gaji, Kaka na zaune tana hamma. Doguwa ba ta zo ba. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Washegari na miƙa mata ƙwayar, ta ture hannuna, ta sa aka kira mahaifina ta mayar masa da gwangwanin maganin. Ya roƙe ta, ya tuna mata abin da aka ce game da dainawa. Ta ce, "Na jiya. Amma gari na jiran ruwa, ni ko ina kwana. Wanga magani ni ɗai yaƙ ƙwata."

Bayan 'yan makonni ƙarfinta ya dawo, tsawarta ma ta dawo, muka yi murna. Aka sake kaɗa goge, Doguwa ta hau ta, ta yi magana, hankalin gari ya kwanta. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ana noman farko Kaka ta faɗi a gona, ɓarin jikinta ya mutu, bakinta ya karkace. Ba ta ga girbin geron ba. Wasu suka ce ƙwayar ce ta fusata iska, mahaifina ya ce dainawa ce, kuma har ya rasu bai sake zuwa wajen goge ba.

Yau ni ma jinina ya hau. Jikata ke auna ni a tsakar gida da 'yar na'ura, ta tsaya a kaina sai na haɗiye ƙwayata. Na san yanzu mahaifina ne mai gaskiya, ina sha, ba na fashi. Amma ni ba wanda ke jiran ruwa daga bakina, shi ya sa biyayya ta yi mini sauƙi. Kaka ta san abin da ta ajiye, ta kuma san don wa.