Maigidana Mai Fentin Ido

A ajin ilimin sassan jiki na fara ganinsa. Ni ina karatun jinya, shi kuma yana can kujerar baya da farar riga wadda aljihunta ya sha shuɗin fenti. Da na tambayi ƙawata ko wane ne, sai ta ce, "Ai shi ne Biyu-Babu. Digiri ɗaya yake yi, amma rabi kimiyyar lafiya, rabi zane-zane."

Mahaifinsa ne ya laƙaba masa sunan. Ranar da ya samu gurbin karatun, tsohon ya tambaye shi, "To likita za ka zama, ko mai rubuta allon shago?" Ya ce duka biyun yake so. Tsohon ya ce, "Kai dai ina jin biyu-babu za ka tashi." Ƙannensa suka ɗauka, har sunan ya biyo shi makaranta.

Sashen lafiya yana bakin ƙofar jami'a, ɗakin zane kuma yana can ƙarshe, bayan filin ƙwallo. Kullum a guje yake tsakaninsu, allon zane a hammata, yana warin maganin ɗakin gwaji haɗe da na fenti. Malaman lafiya suna ce masa ya bar wasa ya kama karatu, na zane kuma suna ƙorafin hotunansa sun cika jijiyoyi. Bai taɓa musu da kowa ba. Murmushi kawai yake yi, ya ce zai gyara.

Maganar farko da ya yi mini ita ce, "Don Allah ki ɗan kalli taga, ina so in ga launin idonki." Na ce baƙi ne, kamar na kowa. Ya ce babu mai baƙin ido a duniya, nawa akwai ruwan zuma a gefe. Na ɗauka salon zance ne. Ashe da gaske yake.

Bayan mun gama karatu mun yi aure, ya jima bai samu aikin kirki ba, yana koyar da zane a wata firamare. Daga baya wani asibitin ido ya nemi wanda zai koyi haɗa idon roba domin waɗanda suka rasa nasu. Ana son wanda ya san jiki kuma ya iya fenti. Shi kaɗai ya je.

Ɗakinsa a asibitin ƙarami ne, kusa da wurin wanki. Tebur ɗaya, taga babba, da burushi masu sirantaka kamar gashin gira. Yakan zaunar da mutum a gabansa, ya yi ta kallon lafiyayyen idon yana haɗa launi, yana jan sa da hira. Jajayen jijiyoyin nan na cikin farin ido, da zaren siliki yake yin su, yana tsefe shi sili-sili. Ni nake sayo masa zaren a wurin tela.

Akwai wata malamar makaranta da ta daina shiga aji tun da ta rasa ido ɗaya a haɗarin mota. Ranar da ya saka mata idon, ta daɗe riƙe da madubi, sannan ta ce, "Malam, wannan ya fi na gaskiyan kyau." Ya ce, "To kawo in rage masa, kada ɗayan ya ji haushi." Ta yi dariya har da hawaye. Mako na zagayowa ta koma aiki.

Yanzu ya yi ritaya, hannunsa ya fara rawa. Asibitin ma daga waje suke sayo idanun, an mayar da ɗakin ma'ajiyar kujeru. Bai cika zancen ba. Amma tsofaffin mutanensa har yau suna zuwa gida a goge musu ido, sai ya shimfiɗa tawul a teburin falo, ya ce in kawo ruwan ɗumi. Su zauna suna labarin 'ya'ya da jikoki, aikin da bai kai ya kawo ba ya cinye musu yini. Ni kuma in dafa shayi, in zauna kusa da su ina sauraro.