Taubashina da Littattafan Kwaɗo

Littattafan sun shigo garinmu ne a matsayin abin naɗe kofuna. Yayana ya dawo daga cin rani a Abijan a makare, har kaka ta wuce, da kofunan tangaran da ya sayo wa inna, kuma don kada su fashe a mota ya cusa su tsakanin wasu tsofaffin littattafan zane guda goma sha ɗaya. Kofi biyu sun fashe duk da haka. Littattafan kuwa sun iso lafiya lau, sai ɗan warin busasshen kifi. Inna ta ce a kai su bakin murhu, ni na ce a ba ni.

Ina aji biyu a kolej na Buza a lokacin, na zo hutun bayan kaka ƙauyenmu da ke kusa da Karofane, kaina ya kumbura da Faransanci. Da na buɗe na farko sai na ga ashe idon sani ne: wani kwaɗo mai tabarau da abokinsa raƙumin dawa, waɗanda muke kallo a tele, wato talabijin, a gidan mushe, malamin lakol, makarantar bokon ƙauyenmu, duk ranar da batir ya ga dama. Sai daga baya na fahimci cewa ba masu fim ɗin ke zana littattafan ba, izini suke ba wasu, kowa ya zana nasa. Abin da na sani a lokacin shi ne, duk ƙauyen ni kaɗai ke iya karanta maganar da aka rubuta a saman kan kwaɗon, tunda mushe ya tafi hutu. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Taubashina, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara shida. Maginin rumbu ne. Bai taɓa shiga lakol ba, allo ya yi, ya kai inda Allah ya nufa, ya koma ga laka. Tun ina ƙarami ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ya gan ni sai ya ce bawansa ya iso, a ba ni tsintsiya. Ni kuma in ce wa mutane su yi haƙuri, tare da jakinmu aka sayo shi a matsayin gyara. Ba wanda ke raba mu, don kowa ya san taubasai ba sa faɗa, gaisuwa suke yi.

Bayan la'asar muke zama a inuwar rumbun kawu, samari da yara, a baje littattafan a tabarma. Nan musu ke tashi, kuma ban taɓa ganin mutanen da suka ɗauki kwaɗo da muhimmanci kamarmu ba. Akwai 'yan tele, masu cewa wannan ba shi ne kwaɗon gaskiya ba, na gaskiyan ya fi kumatu. Akwai ni, da na ɗauki kaina alƙalin magana. Ina jin haushin marubucin ƙwarai: kwaɗon tele ba ya da yawan surutu, amma na littafin bakinsa ba ya hutawa kamar dillali ranar kasuwa. Ga kuma wata ɗabi'a da ke tayar mini da hankali: a zana shi yana faɗawa ruwa, sannan a rubuta masa "na faɗa ruwa". To da can mun zaci kan katifa ya faɗa?

Taubashina kuwa ko kallon rubutun ba ya yi. Ya ɗaga shafi kusa da ido, ya nisanta shi, ya karkata kai, kamar yadda yake duban rumbun da wani ya gina.

"Wanga mai zanen bai taɓa ganin raƙumi ba, ko na gida balle na dawa," in ji shi. "Dubi ƙahwa. Inda rumbu na, da iskan hwarko ya kada shi."

"Kai mi kas sani?" na ce. "Magana ita ta littahi."

"Riƙe maganakka. Ni hannu nika dubi."

Wata rana ya raba littattafan kashi uku a kan tabarma. Ya ce mutum uku suka zana su: mai haƙuri, mai gaggawa, da wanda aka tilasta wa. Mai haƙuri, in ji shi, har inuwar da ke ƙarƙashin kujera sai ya zana. Mai gaggawa yakan bar bayan mutane fayau, ba itace ba gini, kamar gari ya ci wuta. Wanda aka tilasta wa kuwa fuska ɗaya ya iya, ita yake ba kwaɗon ko biki ake ko mutuwa. Na yi dariya har da buga cinya, na ce kamfani ɗaya ne, hannu ɗaya ne, ya koma ga lakarsa.

Ya ari kashin mai haƙuri ya tafi da su gida. Kwana biyu bayan haka na lura yaran da ke rufe ni sun ragu, ina kuma jiyo dariyarsu daga ƙofar gidan kawu. Kishi ya kama ni, ba sai na ɓoye ba. Na je na leƙa ta bayansa, sai na ga abin mamaki. Daga bangon baya yake buɗe littafin, yatsansa na tafiya daga dama zuwa hagu, yadda aka koya masa a allo. Shi a wurinsa haka ake buɗe duk wani abu mai daraja. Inda zanen ya ƙi haɗuwa, sai ya toshe da nasa labarin kamar yadda yake toshe tsagar rumbu, ba wanda zai ce ga wurin.

Akwai ɗaya da yaran suka fi so. A bakinsa, kwaɗo ne ya dawo daga cin rani, shi kaɗai cikin ruwan sama, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya tarar da raƙumin dawa yana fushi da shi. Suka yi ta cacar baki a kan wani akwati, kowa na ja. Daga ƙarshe suka gane akwatin ne ke shiga tsakaninsu, suka haƙa rami suka binne shi, suka zauna suna cin abinci a kwano ɗaya. In ya kai nan sai ya rufe littafin a hankali, yaran su sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa na san abin da marubucin ya rubuta: a kwano ɗaya suka fara, suka tono akwati, suka yi faɗa, kwaɗon ya ɗauki jaka ya tafi cikin ruwan sama, aka ce a nemi ci gaba a littafi na gaba, wanda ba mu da shi. Na ajiye abin a raina don ranar da zai tsokane ni.

In da na yi amfani da shi muna mu kaɗai, da ya zama wasa, ya rama, mu wuce. Amma sai wani abokina na kolej, ɗan cikin garin Madawa, ya kawo mini ziyara. Yaro ne mai takalmi ƙafa-ciki, wanda ya taɓa zuwa Yamai, kuma ina son ya san ba haka kawai nake ba. Muka biyo ta ƙofar gidan kawu, taubashina na tsakiyar labari, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Ya ɗago ya ce, "Marhabin da baƙo. Kai kau, bawana, kawo mishi ruwa." Abokina ya dube ni, ya dubi littafin, ya fara danne dariya. Kunya ta rufe ni, sai na mayar da ita kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Na fizge littafin, na juya shi, na ɗaga sama.

"Ku yara, ƙarya shika muku! Daga baya shika hwarawa. Nan na hwarko, nan na ƙarshe. Ko buɗe littahi bai iya ba, shi ad da bakin kushe masu zane!"

Abokina ya fashe da dariya, wasu yaran suka taya shi ba tare da sun san abin da ake wa dariya ba. Na tsaya ina jiran ramuwa, don bakin taubashina bai taɓa yin bashi ba. Bai rama ba. Ya dubi hannuwansa, ya ce, "To, madalla," ya tashi ya shiga gida. Da safe na tarar da littattafan a ƙofar ɗakina, an ɗaure su tsaf da igiyar kaba.

Yaran suka dawo wurina, na samu abin da nake so. Na gyara zama, na buɗe daga inda ya dace, ina karanta Faransanci ina mayarwa Hausa, har da "na faɗa ruwa". Kafin in kai rabi, yara uku sun tafi kiwo, alhali ba a aike su ba. Da na kai ƙarshe, wata 'yar ƙanwar inna mai shekara biyar ta tambaye ni ina kwaɗon za shi. Na ce ban sani ba, haka aka rubuta. Ta ce ai jiya ya dawo gida. Na ce jiya kuskure ne. Ta fashe da kuka, inna ta leƙo ta ce in ba ni da aikin yi akwai dawa da ke jiran sussuka.

Ina sake ɗaure littattafan ne idona ya faɗa kan wasu ƙananan haruffa a cikin bango, inda ake rubuta sunan mai zane. Na kwance sauran na duba ɗaya bayan ɗaya. Suna uku ne, ba ɗaya ba. Na jera su yadda taubashina ya jera su rannan, ko littafi ɗaya bai kuskure ba. Ni alƙalin magana, na kwashi littattafan na fita nemansa.

Na same shi a bayan gari yana gina wa wani rumbu, ya kai shi ƙirji, yana ɗora laka zagaye bayan zagaye. Na yi sallama irin ta mutanen kirki, ya amsa irin ta mutanen kirki, wannan kuma ya fi mini zagi ciwo. Na nuna masa sunayen, na ce gaskiyarsa, mutum uku ne.

"Sai da rubutu yag gaya maka kay yarda," ya ce, bai daina shafa laka ba. Can ya tambaya, "To, na gaskiyan, ƙaƙa yaƙ ƙare?"

"Sun rabu. Kwaɗon ya tahi shi ɗai."

Ya girgiza kai. "Wanga mai rubutun ba ya da taubashi." Ya nuna mini kwatarniya da haɓa. "Bawana, miƙo laka, kada ka tsaya mini nan kamar raƙumin mai gaggawa."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Na tuɓe riga na yi ta miƙa laka har la'asar. Da muka sauka ya wanke hannu, na ba shi littafin a juye, bangon baya na sama. Yaran suka taru, kwaɗo ya sake dawowa daga cin rani, aka binne akwati, aka ci abinci a kwano ɗaya, 'yar ƙanwar inna ta harare ni alamar ta faɗa mini. Komai ya koma yadda yake, har na koma Buza yana ba su labari. Sai dai daga ranar, duk sanda zai juya shafi, sai ya ɗan ɗago ido ya dube ni tukuna. Da can ba ya duban kowa.