Ranar da Muka Ci Irin Inna

Ko zan manta da komai na zamanmu a Tumfure, ba zan manta da ranar da na ci irin waken mahaifiyata da shinkafa, har na miƙa kwano a ƙara mini ba.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa ba. Gidaje tsilli-tsilli ne, in ka leƙa ta katanga gonakin mutane kake gani. A bayan ɗakin girkinmu akwai ɗan fili, shi na ware wa waken Inna. Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, a shekarar ta rasu. Abin da ta damƙa mini da hannunta wani ɗan gora ne cike da ƙananan wake farare, an cakuɗa su da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, an toshe bakin da totuwa. Ta ce daga wurin tata uwar ta gaji irin, duk damina takan shuka ta ware na baɗi. "Kada ya mutu a hannunki," in ji ta. Na rataye goran a lungun ɗakin ajiya ina jiran ruwa ya zauna. Ban gaya wa kowa ba, don a kwanakin nan da na buɗe baki zan ambaci Inna, kuka ke riga ni.

Ana nan sai ƙanwata ta haihu a Dawaki, na tafi taya ta zama har a yi suna. Gida na bar shi a hannun babbar 'yata, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, yarinya mai son gwada duk girkin da ta gani a waya.

Ranar da na dawo, da la'asar, keke mai ƙafa uku ya sauke ni duk jikina ya yi tsami saboda nisan hanya. Tun daga zaure ƙamshin albasa da daddawa ya tare ni. Yarinyar ta fito da gudu ta karɓi jakata.

"Mama, zauna kawai. Yau abin da ba ki taɓa ci ba za ki ci."

Babansu yana kan tabarma yana dariya. "Kwana huɗu ke nan tana shayar da kwando safe da yamma, ta lulluɓe shi da tsumma kamar jariri. Na ce mata in akuya aka mayar da ni a gidan nan, a faɗa mini."

"Kai Baba! Tsiron wake ne fa, yana gina jiki."

Ta ajiye mini shinkafa, a kai ga wasu fararen tsirrai an soya su sama-sama da man gyaɗa da attaruhu. A wurinmu waken da ya tsiro ya lalace ke nan, kaji ake watsa wa. Amma ganin yadda ta tsura mini ido, na yi bismillah. Wallahi da daɗi. Yana ƙaras-ƙaras a baki, da ɗan zaƙi irin na ɗanyen waken da muke ɓarewa a gonar Inna muna yara. Na cinye, na nemi ƙari.

Ina cikin kwano na biyu na ce, "Wai ina kika samo wake ƙanana haka?"

"Na kasuwa na fara gwadawa, ya ruɓe. Sai na ga wani tsohon gora a ɗakin ajiya, duk toka, na sha wanki kafin ya fita. Shi kam Mama, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi tsirowa ba!"

Cokalin ya tsaya mini a hanya. Na ce, "Duka kika juye?"

"Duka. Ai ɗan kaɗan ne."

Ni ba mai faɗa ba ce, ranar ma ban yi ba. Na haɗiye abin da ke bakina, na ce, "Irin Inna ne." Sannan na ba su labarin da ya kamata in bayar tun tuni. Babansu ya yi salati. Ita kuwa ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka, tana cewa in dake ta. To me zan daka? Wake ta gani a cikin toka.

Can sai na tuna mace ba ta girki ba ta yi tsinta ba. Na ce, "Wanda kika tsince fa?"

Ta ɗago. "Waɗanda suka yi tsawo har sun fara ganye, an ce suna ɗaci. Na zubar wajen wanke-wanke."

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Muka tarar kaji sun riga mu. Babansu, da babbar rigarsa, shi ya bi su da takalmi, mu kuma muka tsuguna cikin caɓi muna tsinta. Goma sha ɗaya muka samu da saiwarsu. Da cokalin da na ci abincin na tona ramuka, muka dasa, muka kife su da kwanduna. Kullum kafin yarinyar ta tafi makaranta sai ta leƙa ta dawo ta faɗa mini. Huɗu suka bushe. Bakwai suka kama, suka yi yaɗo har kan katanga, kaka ta yi muka cika goran ya yi saura.

Yanzu filin nan an gina ɗaki a kansa, gonakin maƙwabta ma duk sun zama gidaje, a tsofaffin bokitai nake shukar. Duk shekara in mun ware iri, mukan tsirar da ɗan abin da ya rage mu soya, babansu ne ma ke fara tambaya. Da za a kai yarinyar ɗakinta na cika mata nata goran, na liƙa takarda da rubutuna na yaƙi da jahilci: "Irin Inna, ba na ci ba ne." Ta karanta ta yi dariya har da hawaye.

Abin da na koya shi ne, gado ba a ɓoye shi a lungu a yi shiru. In ba ka gaya wa ɗanka labarin abu ba, kada ka ga laifinsa ranar da ya sa shi a tukunya.